Mai Juya Kwalabe

Wani baƙon dattijo mai tsohon kwat yana tsaye a rumfar Roser, cikin kasuwar Sant Sadurní. Ga kofin cava, giya mai kumfa, mai sanyi a gabansa, ga kifi mai gishiri kan burodin da aka goga wa tumatir. Idonsa yana bin kumfar da ke tasowa a hankali, hannunsa kuwa yana bin kwalaben da Roser ta jera, yana ɗan juya kowace. Haka ake juya su a rumbunan ƙarƙashin ƙasa don lakar giyar ta taru a wuyan kwalba. Ko shekara nawa ya yi yana wannan aiki cikin duhun nan?

"Baba," in ji Roser, "ai inji ya ƙwace aikin nan tuntuni."

Ya dubi yatsunsa, ya yi murmushi. "'Yata, ni an gaya mini. Su ne ba wanda ya gaya musu."