Bai Ce In Saki Ba

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan ce, damina biyu bayan auren autarmu, maigidana ya shigo da keken nan. Wani Nasara da zai koma ƙasarsu ya bar masa. Birkinsa ba na waya ba ne, na mai ne, man ke gudu cikin siririn tiyo, ya tura wasu 'yan ƙarafa biyu su ciji faifan da ke jikin ƙafa. Ƙurar Arlit ta riga ta cushe su, in ka matsa hannun birki sai ya lotsa kamar dafaffiyar kabewa.

A lokacin, tarin da ya kwaso a rami ya ci ƙirjinsa. Wani maƙwabci ke ɗaukarsa a babur zuwa Juma'a, abin kuwa yana yi masa ciwo. Ya ce in dai birkin ya kama, da kansa zai je masallaci.

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma ba a nuna mini abu sau biyu. Ya kwance ƙarafan, ya goge da tsumma, ya kai baki zai hure ƙurar, numfashi ya ƙi. Na karɓa na hure masa, ban dube shi ba don kada ya ji kunya.

Fitar da kumfa daga cikin man birkin, aikin mutum biyu ne. Shi yana tsugune wajen ƙafa, yana buɗe ɗan ƙaramin noti yana rufewa, ni ina tsaye a kan hannun birki. Ya gargaɗe ni, in na saki noti na buɗe, aikin ya ɓaci.

"Matsa, Hajiya. Riƙe. Saki."

Haka muka yi ta yi ranar Alhamis da hantsi, ina jin hannun yana ƙara tauri. Ya ce, "Riƙe." Na ji ya ɗaure notin, sai tari ya turnuƙe shi. Na riƙe. Ina riƙe har ya jingina da bango ya yi shiru. Maƙwabciyata ce ta ɓamɓare mini yatsu.

Birkin ya kama. Masallacin dai a kafaɗa aka kai shi.

Keken na zaure har yau. In na wuce nakan matsa hannun, da taurinsa, sai in tsaya ina saurare.

Mai baburin ya rasu, limamin ma. Saura ni, da maƙwabciyar nan da yanzu ba ta gani.