Saniyar da Aka Bar wa Damisa

Ina shekara ta biyar a Greensboro ta ƙasar Amurka aka tura ni wani gida a Pleasant Garden. Aikina kula da tsofaffi ne: wanka, magani, abinci, tura keken guragu. Kamfanin da nake yi wa aiki shi ke raba mu gidaje, kuma wannan gida kowa na son sa, don mai shi ba ta da faɗa. Tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun ƙi. Kyanwa uku gare ta, talabijin ɗinta kuwa ba ya barin tashar namun daji. Mama nake kiranta, yadda zan kira sa'arta a garinmu, ita kuma abin yana ba ta dariya.

Burinta guda ne, ta ga damisar Indiya da idonta kafin ta mutu. Ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba, waccan ƙatuwar mai ratsi. 'Yarta ce ta shirya tafiyar, amma ba ta samu hutu ba, sai aka ce ni zan raka ta. A shagon wani Alhaji ɗan Nijar da ke High Point Road, inda nake sayen katin waya da daddawa, mata suka yi ta tsokanata wai na zama 'yar yawon buɗe ido. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Jirgi biyu muka hau, sannan mota ta wuni guda. Aka sauke mu a bakin wani gandun daji, a wasu bukkoki na laka da jinka da aka gina don baƙi, da ruwan zafi da gado mai gidan sauro. Jagoranmu mutum ne mai fara'a, Turancinsa ya fi nawa. Ya yi mana bayani cewa irin wannan yawon ba ya cutar da daji, kuma mutanen ƙauyen da ke kusa suna amfana. Da alfahari ya ƙara da cewa a da ƙauyen a tsakiyar dajin yake, aka taso su zuwa gefe don damisa ta wataya. Duk baƙin suka gyaɗa kai. Ni na tashi ne a ƙauyen da ke maƙwabtaka da gandun daji, na san abin da ake bari a baya idan an ce an taso mutane. Rijiya ce, da kushewar iyaye, da itatuwan da kaka ya dasa. Tun daga nan abincinsu ya fara yi mini salam.

Washegari aka kai mu ganin ƙauyen. Da yake ina tura keke, ni ce ta ƙarshe a layi, don haka na ga abin da sauran ba su gani ba. Kafin a shiga wani gida sai da aka kwashe bokitin roba da rediyo aka ɓoye a bayan rumbu, aka fito da tulu aka girke a tsakar gida. Matar gidan sa'ata ce, siririya, da zobe a hanci. Aka ce ta tatsi saniyarta mu gani. Maraƙin ya yi ta kutsawa, sai na bar Mama a inuwa na je na riƙe wa matar shi, don aikin da na yi ne tun ina yarinya. Ta dube ni ta yi dariya. Bayan an gama ta dafa shayi da madarar, ta ba ni nawa da hannunta, ta kama tafina ta juya, ta ga kantar aiki irin tata. Ba mu jin yaren juna, amma mun daɗe a zaune.

Wata daga cikin baƙin, mai ƙatuwar kyamara a wuya, ta ce lallai ni ina jin kamar a gida nake. Ta roƙi in cire takalmina in tsuguna kusa da matar ta ɗauke mu. Na ce mata ina bakin aiki. Na koma bayan keken Mama.

Rana ta uku muna karin kumallo jagoran ya shigo, bakinsa har kunne.

"Mun yi sa'a," ya ce. "Damisa ta kashe saniya a bakin rafi. Za ta dawo kan mushen da la'asar."

Aka tafa. Mama ta damƙe hannuna don murna.

Da la'asar muka ɗauki hanya a mota mai buɗaɗɗen sama. A mararrabar ƙauyen na hango matar nan tsaye gaban ma'aikatan gandun su biyu, igiyar maraƙin a hannunta, tana magana tana nuna wajen rafi. Ba su ko kallon ta. A nan na gane saniyar wa ce. Na tambayi jagoran, ya ce dokar wurin ba ta yarda a taɓa abin da damisa ta kashe ba, ko fata ba za a ɗauka ba, amma akwai takardar neman diyya da matar za ta cike. Ya ce in rage murya, mun kusa.

Mota biyar ce ta yi layi. Muka zauna kusan awa biyu, ba mai tari. Daga nesa ina jin kukan maraƙin, kuma na tabbata kowa na jin sa. Can sai ciyawa ta motsa, damisar ta fito. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin halitta mai kwarjini irin ta ba. Madubin hangen nesa ya yi wa Mama nauyi, don haka ni na riƙe mata shi a ido, ina jin hawayenta yana sauka a yatsuna. Damisar ta ja saniyar ta wuya, kyamarori suna ta ƙyas-ƙyas. Da lokacin magani ya yi, na buɗe jaka na ba Mama ƙwayarta da ruwa, ban makara da minti ɗaya ba. Da safe muka bar wurin. Mun wuce ta ƙofar gidan matar, ban ce a tsaya ba.

Wata guda da dawowarmu, ƙungiyar matan cocin su Mama ta shirya taro ranar Asabar da rana don ta nuna hotuna. Aka jera kujeru, aka ajiye biskit da kofi, 'yarta tana haska hotunan a bango. Da hoton matar ya fito tana tatsa, Mama ta ce a can mutane da namun daji suna zaman lafiya da juna, mu ya kamata mu koya. Bayan hoto uku sai ga damisa a kan mushe. Aka yi ta santin kyanta. Sannan Mama ta nuna ni, ta ce ga wadda ba don ita ba da ba ta je ba, ta zo ta ce wani abu.

Na tashi da niyyar in yi godiya in zauna. Abin da ya fito daban.

"Saniyar da kuka gani ana tatsa, ita ce wannan da ake ci," na ce. "Ta matar nan ce, kuma ita kaɗai gare ta. Mun sha madararta, washegari muka hau mota muka je kallon mushenta."

Daga nan ban iya tsayawa ba. Na faɗi zancen bokitin da aka ɓoye, da na takalmina, da maraƙin da ya wuni yana kuka. Muryata ta ɗaga, Turancina ya kakkarye, ban damu ba. Wani dattijo, mijin ɗaya daga cikinsu, ya ce in baƙi suka daina zuwa, mafarauta za su ƙarar da damisar. Na ce masa ba ni da rigima da damisa, yunwa ce ta fito da ita. Rigimata da waɗanda suka zauna a mota ne, har da ni.

Ni na mayar da Mama gida. Na yi mata wanka, na ba kyanwoyin abinci. Ranar Litinin kamfani ya kira ni, wai iyalin suna son canji, daga gobe McLeansville zan riƙa zuwa wurin wani tsoho. Maigidana ya ce baki shi ke yanka wuya. Wata Anti a cocinmu ta ce me ya haɗa ni da saniyar Indiya, ni da na zo neman abincin 'ya'yana. Maganarsu ta fi korar ƙona mini rai, don su sun san mene ne saniya ɗaya a gida.

Bayan mako biyu Mama ta kira ni da kanta. Ina tsaye a kicin ɗin tsohon, ina dama masa hatsin safe. Ta ce 'yarta ce ta yanke shawarar, ba ita ba. Ta ce ta sa an ajiye mata hotunan biyu, na tatsa da na mushe, kusa da juna, ta gane farin tabon da ke goshin saniyar. Ina jira ta ba da haƙuri in ƙi karɓa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini a can ba?" ta ce. "Muna cikin motar, kina riƙe mini madubi. Da na ce a juya."

Ban sani ba ko da gaske za ta ce a juya. Ina zaton ba za ta ce ba. Amma ban gwada ta ba. Na ce mata abinci yana kan wuta, na ajiye wayar.