Reshen Difla a Hannun Baba

Da safen nan na leƙa ta taga sai na hango Baba a gindin difla, ya karyo reshe yana fere shi da 'yar wuƙarsa. Asuwaki zai yi.

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu. Na fizge reshen yana dab da kai shi baki, na ja shi famfo ya wanke hannu.

Difla shuka ce da na dasa a lambun gidanmu na unguwar Mohandessin a Alƙahira shekara uku da suka wuce. Da sanyi ya tafi sai ta cika da furanni masu ƙamshi, amma guba ce tun daga ganye har saiwa. Ko rassa zan rage mata sai na sa safar hannu.

Baba kuwa maganin ido ya kawo shi Alƙahira. A Gumel darbejiyar ƙofar gida yake karya kullum.

Na ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, yau za a sare ta."

Ya ce, "Ita me ta yi, uwata? Ranar da na sauka kin nuna mini alƙibla, kin nuna mini makunnin wuta. Ita ce ba ki nuna mini ba."

Na saba da haɗarinta har na manta baƙo ba ya ganinsa.

Ban sare ta ba.

Ku fa, me ke gidanku da ba ku taɓa faɗa wa baƙo ba?