Goma Bisa Goma

Shekara ashirin da biyu Maame Sarpomaa tana sarautar masu sayar da doya a kasuwarsu ta Kumasi, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce ta yi kuskure. Da tallan doya uku a ka ta fara, ta binne miji biyu, ta aurar da 'ya'ya biyar. Mulkin nata kacokan a kan wata kujera 'yar tsugunno yake, wadda ta gada daga tsohuwar sarauniya. A kanta ake raba faɗa, a kanta ake rabon lodin mota. Ranar da mace ta kasa zama a kanta, ranar ta sauka.

Da kwatangwalonta ya zaizaye, likita ya tsaga ta baya ya sa mata na ƙarfe. Ya kafa mata doka: wata uku ban da zama ƙasa-ƙasa, ban da harɗe ƙafa, in ba haka ba abin zai goce.

Abin haushi, mataimakiyarta Dufie, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan kujerar, ita ma an yi mata aikin, amma ta gaba aka tsaga ta. Sati biyu ta yar da sanda, ta dawo kasuwa tana yanga.

"Maame, ashe ta baya suka bi miki? Wayyo, tsohon yayi! Mu 'yan gaba ai har mun koma rawa a gidan makoki."

"Ki dai taka a hankali, 'yar uwa, kar ƙarfen ya faɗo miki a bainar jama'a."

Duk zuwa asibiti sai nas ta kawo takarda: daga ɗaya zuwa goma, yaya kika ji daɗin aikin? Ƙafar na yi wa Maame zugi kamar ana daka sakwara a ciki, amma tambayarta ɗaya ce.

"Dufie nawa ta ba nata likitan?"

"Sirri ne, Maame."

"To rubuta goma. Babu sha ɗaya?"

A sati na biyar rigima ta tashi kan wata motar doya daga arewa. Mata suka kawo wa Maame doguwar kujerar roba da matashi. Dufie ta ɗaga murya yadda har 'yan dako za su ji: "Ku ƙara mata matashi, baiwar Allah! 'Yar tsugunnon kuma ni sai in riƙe mata."

Maame ta ture kujerar robar da sanda, ta sauka kan tata. Na kusa da ita sun ji ƙas! Gumi na tsiyaya ta yanke hukuncin har ƙarshe, sannan ta ce a kawo baron doya a ɗauke ta a ciki.

Bayan an mayar da ƙarfen gurbinsa, Dufie ta zo dubiya da kwanon miya. Ta ja labule, ta zare fil daga ɗankwalinta, ta soka wa kanta a cinya. Ko gezau.

"Tun ranar aikin wajen ya mutu. Kamar cinyar wata nake yawo da ita."

"Kin faɗa wa likita?"

"In faɗa ki ji labari? Goma nake ba shi."

Tausayi ya kama Maame, na Dufie da na kanta, har ta ji kunya.

"Kujerar fa? Ta yi miki daɗi?" in ji Maame.

Dufie ta sunkuyar da kai. "Ba ni suka ba ba, wata cikinmu, Konadu, suka ba. Wai mai ƙashin da Allah ya halitta suke so."

Ana haka nas ta leƙo da takardarta, likita na biye da ita. Maame ta dubi Dufie, Dufie ta dubi Maame.

"Goma," in ji Maame.

Likita ya washe baki ya ce wa nas, "Kin gani ko? Ta gaba ko ta baya, ba mai kuka da mu."