Asirin da Muka Rufa wa Malam Mati

Zulaihat 'yar Malam Aliyu tela ce, maƙwabcina a Ƙofar Marusa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. A gabana aka raɗa mata suna, shi ya sa ta tashi tana ce mini Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ni sunana Lawal, aikina auna buhuna a kan sikeli a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari.

Tun tana ƙarama yarinyar nan ba ta iya tauna magana ba. Ta taɓa fita zaure ta ce wa wani baƙo mai yawan surutu, "Baba ya ce a ce maka ba ya nan." Ranar nan uwarta ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga nan muka taru a kanta, uwa da uba da mu maƙwabta, muna koya mata kawaici. Mu ce mata ba duk abin da ido ya gani baki ke faɗa ba, mu ce wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Shekaru muka yi muna wannan aiki har ya kama ta. Ta girma ta zama yarinyar da ake ba da misali da kunyarta a unguwa, kuma ina cikin masu bugun ƙirji da hakan.

Da ta gama sakandare ta shiga karatun lafiyar muhalli, abin da tsofaffinmu ke kira duba-gari. A shekara ta biyu aka ce kowa ya nemi inda zai yi wata shida na sanin makamar aiki, ai-ti a bakin ɗalibai. Ita fannin kare lafiyar ma'aikata ta zaɓa. Ni na kai takardarta wurin manajanmu, ya sa hannu bai ko karanta ba. Ya saba da irinsu: su zo su zauna ƙarƙashin dalbejiya suna latsa waya, ranar ƙarshe a buga musu hatimi su yi gaba.

Zulaihat ba ta zauna ba. Ta zo da hular kwano ta ɗora a kan hijabi, da littafin rahoto a hannu, leburori suka sa mata suna Injiniya don tsokana. A makon farko ta gano tukwanen kashe gobara biyu duk wayam suke. Ta rarraba takunkumi saboda ƙaiƙayi, mutanenmu suka karɓa da godiya suka saƙale a haɓa. Ba ta ɗaga murya, sai dai ta gaishe ka har da rusunawa, sannan ta rubuta ka.

Abin da ya fi tsone mata ido shi ne ramin. A ƙarƙashin inda ake juye shanshera, shinkafar da ba a casa ba, akwai rami da ya kai ƙirjin mutum, a cikinsa wani dogon ƙarfe mai murɗawa irin na injin markaɗe, shi ke tura shinkafa zuwa cikin injin. Zaren buhu da kara sukan naɗe shi ya cije. Al'adarmu ita ce a jira a ɗauke wuta, tun da ba a yini ba a ɗauke ba, sai mutum ya sauka ya warware da hannu kafin a tada janareta. Shehu, mai kula da injin, ba ya mayar da wuta sai ya daki wani tsohon ƙarfen mota da ke rataye, ya yi kira sau uku: "A hito, za a tada!" Shekara goma sha biyu ana haka, ko farce ba a taɓa rasawa ba.

Mai sauka ramin shi ne Malam Mati. Daga wani ƙauye ya zo birni tun yana saurayi, ya yi shekaru a injin niƙa kafin a buɗe kamfanin. Yana zaune a Ƙofar 'Yandaka da matarsa da 'ya'ya mata biyar. Ƙarar injin ta cinye masa kunnuwa sarai, kuma duk mun sani, ban da manaja. Dokar kamfani ta ce wanda ba ya ji ba ya aiki kusa da inji, mu kuwa muka ce ba da mu za a raba dattijo da abincinsa ba. Sai muka yi dabara. Abokinsa Bala yakan tsaya a bakin ramin da sandar gora, da ya ji ƙarfe sai ya taɓa masa kafaɗa, Mati ya hauro.

Zulaihat ba ta yi wata guda ba ta gane. Ta tambaye shi ina safar hannunsa, ya yi murmushi ya ce mata lafiya lau, ya mutanen gida. Da rana ta same ni a wurin sikeli.

"Kawu, Baba Mati ba ya ji."

"Rage murya," na ce. "Wa ya hwaɗa maki?"

"Na gani da idona. Kuma shi ke shiga ramin."

"Ɗiyata, wata shida za ki yi ki tahi. Shi nan ne rayuwarshi. In kika rubuta, gobe an sallame shi. Ɗiya biyar gare shi. Ke za ki ci da su?"

Sai ta ce to akwai hanyar da ba sai an ambaci kowa ba. A sayi kwaɗo a riƙa kulle makunnin injin, wanda ya sauka ramin ya sa makullin a aljihunsa. Ba mai iya tada inji sai ya fito. Na ce wannan kam ta gwada.

Ranar da ta kawo maganar a ofishin manaja, da ni da Shehu muna wurin. Shehu ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi. A wurinmu ba a sa kwaɗo sai inda ake tsoron ɓarawo ko mahaukaci.

"Ni za a kulle ma inji? Shekara goma sha biyu ina kiran mutane, wa na taɓa kashewa? Yarinyar da aka haihwa jiya!"

Manaja ya ce ya zauna. Shi ba mugu ba ne, mutum ne mai gudun rigima da tsofaffin ma'aikata. Ya dubi Zulaihat ya ce, "Ni dalili nake so. Ana buga ƙarfe, ana kira sau uku. Akwai wanda ba ya jin kiran ne? In akwai, yau za a sa kwaɗon."

Ta juyo ta dube ni. Wallahi har yau ina ganin wannan kallon. Ni kuwa na ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

"Babu, ranka shi daɗe," ta ce.

Da muka fito na sa mata albarka. Na ce yau na tabbata ta girma.

Wata Talata a watanta na huɗu, Bala ya tafi jana'izar surukinsa da hantsi. Ba wanda ya tuna da sandar gora, har ni. Bayan azahar aka ɗauke wuta, Mati ya sauka ramin yadda ya saba. Shehu bai yi ha'inci ba, ya daki ƙarfe, ya yi kira sau uku, ya jira, ba wanda ya amsa, sai ya kai hannu ga makunni. Zulaihat tana ƙofar sito lokacin da ta ji ƙarfen. Ta hango bakin ramin ba Bala, ta zubar da abin da ke hannunta ta kwasa da gudu tana ihu, hular kwanon ta faɗi tana gangarawa. Janareta ta riga ta tashi, ba mai jin ta. Ita ta ture Shehu ta kashe makunnin da hannunta, amma ƙarfen ramin ya riga ya yi juyi uku ko huɗu da hannun Mati.

Mu maza muka tsaya muna salati. Ita ta diro cikin ramin, ta yage gefen hijabinta ta ɗaure masa dantse tamau kafin a ciro shi. A asibiti suka ce ɗaurin nan ne ya hana shi mutuwa a hanya. Hannun dama kuwa suka yanke shi daga gwiwa.

Kafin Juma'a an sayo kwaɗo, Shehu da kansa ya rataya shi yana hawaye. Aikin da muka yi ta kare wa Mati ya tafi tare da hannun. Zulaihat ta rubuta komai a rahotonta, har tambayar manaja da amsar da ta ba shi. Sunana kaɗai ta tsallake, kuma da ta rubuta shi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu shekara uku ke nan. Ta gama karatu, tana aikin duba masana'antu da gidajen burodi. Sunanta ya ɓaci a gari, ana cewa ba ta da kunya, ba ta san babba ba, ko sa'an ubanta ne sai ta faɗa masa a gaban yaransa. Uwarta takan ce ita ba ta san abin da ya sauya mata 'ya ba. Tana gaishe ni in mun haɗu a lungu, gaisuwa cikakkiya, sai dai Malam Lawal take ce mini.

Ni na san abin da ya sauya ta, don ina tsaye a wurin. Kwana uku da yanke hannun muka je duba Mati tare. Yana kwance, matarsa na yi masa fifita. Da ya ga Zulaihat sai fuskarsa ta washe, ya miƙo hannun hagu yana kiranta kusa. Ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, duk ɗakin suka juyo.

"Ɗiyata, an hwaɗa mani manaja ya tambaye ki, ba ki tona ni ba. Na gode. Allah shi ruhwa maki asiri kamar yadda kika ruhwa mani."

Ta tsaya tana kallon bandejin. Ni kaɗai na ce amin.