Hoton Inna Hajjo da Ɗan Farinta

Da asuba na tarar da Badaruddeen a rumfar da muke buga bulo a Kabo, yana goge gilashin kyamara. Shebur ɗinsa na jingine, bai taɓa shi ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi da shagon hoto a Gwarzo. Wayoyi suka zo, kowa ya zama mai hoto, ya rufe shagon. Ya yi acaɓa har gwiwa ta hana shi, ya sayar da taki damina biyu, sannan muka shekara huɗu muna bulo tare. Kullum sai ya ce zai koma hoto. Na sha jin irinta.

Ran nan sai ya ce, "Mijinyawa, kai ni Dugabau, na samu aikin hoto. In bai fito ba, na daina maganar hoto har abada."

Na ce, "Da kunnena ya huta."

Wani makiyayi ne, Dabo, zai tafi kudu da shanu, yana son hoto da mahaifiyarsa, Inna Hajjo. Shi ne ɗan farinta. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya kusa da shi. Masu waya uku sun gwada, ta shige ɗaki.

Da muka isa, Badaruddeen bai ce kowa ya tsaya ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, wannan farar saniyar zan ɗauka, in kin yarda."

"Ɗauki mana, ai ta fi mu kyau."

Ta zauna tatsa. Ya ce wa Dabo ya riƙe maraƙin. Shi kuma ya tsuguna da kyamara yana jira. Can maraƙin ya fizge, Dabo ya yi taga-taga, Inna Hajjo ta ɗago kai ta dube shi. Na ji ƙyas.

Ran Laraba muka kai hoton. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Maraƙin ya fito sosai. Guda ɗaya ka wanko?"

"Biyu, Inna."

Ta soke nata a zani. Kafin mu fita, maƙwabta biyu sun sa masa ranar ɗaukar hoto.

Da muka dawo rumfa, ya wanke shebur ɗinsa tas, ya miƙa mini, ya rataya kyamara ya nufi tasha.