Ranar Da Inna Ta Shiga Bahar Maliya

Ko da zan manta komai na zamana a Masar, har da sunan layin da na shekara biyar ina kwana a cikinsa, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ce mahaifiyata ba za ta shiga teku ba don ta ɗaura zane. An fi shekara goma yanzu, amma duk sanda na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru, can kuma in kama dariya ni kaɗai.

A 2013 ne, ina shekara ta uku a karatun fiƙihu a Alƙahira. Mu huɗu muke haya a unguwar Faisal, hawa na biyar, a wani gida da matakalarsa kaɗai ta isa ta sa mutum istigfari. A lokacin ne Inna ta zo ganin likitan gwiwa, don ta kai shekara biyu ba ta sa goshinta a ƙasa ba, a kan kujera take sallah. Aka yi mata aiki a wani asibiti a unguwar Mohandessin. Da ciwon ya warke, likita ya ce saura motsa ƙafar, kuma babu inda ya fi cikin ruwa, domin ruwa yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki. Ya ce mu tafi Sukhna, bakin Bahar Maliya, ko kwana huɗu ne, ta riƙa takawa a ruwa safe da yamma. Ya ja mini kunne cewa in ta zauna gwiwar ta sandare, aikin ya tashi a banza.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna irin matan nan ne na da. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, ita ta raine ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son magana da ni sai ta ce "ke", in kuma a gaban mutane ne ta ce "'yar Hajiya", wato 'yar kakar tawa. Abin da na sani game da ƙuruciyarta bai cika cokali ba: 'yar Yawuri ce, mahaifinta masunci, shi ke nan. Ga shi yau ni ce bakinta, ni ce sandarta a ƙasar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu.

Gaskiya ɗaya ce, otal ɗin da muka sauka a Sukhna ya karɓe mu hannu bibbiyu. Shekarun nan Turawa sun ja baya da zuwa Masar, saboda haka kowane baƙo ɗan lele ne. Tun daga ƙofa aka tarbe mu da zoɓo mai sanyi, wani ya karɓi jaka, wani ya turo keken guragu, Inna ta harare shi ya mayar. Suka ba mu ɗaki a ƙasa saboda ƙafarta, ga alamar alƙibla a jikin silin, ga tawul an naɗe shi kamar agwagwa a kan gado. Ko'ina muka juya sai ka ji "ya hajja, ya hajja". Da yamma a wurin cin abinci, tebur ya kai goma an jera kuloli, Inna ta tsaya a kan kifi, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Wannan shekaranjiya ya mutu." Ta ɗebi shinkafarta ta wuce.

Washegari da hantsi muka shirya. Ta sa dogon wando da riga, ta ɗaura zane a kan wandon, ta sa ƙaramin hijabi. Muka taka rairayi a hankali, hannunta ɗaya a kan sanda, ɗaya a kafaɗata. Saura taku kaɗan mu taɓa ruwa sai muka ji usur. Mai gadin bakin ruwa ne, wani ƙaton mutum mai jar riga, ya sha gabanmu yana kaɗa yatsa.

"Mamnu', ya hajja," ya ce, wato an hana. Ya ce ba a shiga nan sai da kayan wanka. Masu son shiga da tufafi, ga wurinsu can. Na bi yatsansa da kallo: can ƙarshen katanga ne, inda ake ɗaure jiragen kwale-kwale, duk duwatsu masu santsi, wurin da mai ƙafa lafiyayya ma sai ya yi da gaske. Sai a lokacin na lura da matan Misirawa cikin baƙaƙen abaya, zaune a ƙarƙashin lema, suna kallon 'ya'yansu da mazansu a ruwa, su ko tafin ƙafa ba su jiƙa ba.

Inna ta ce, "Ke, me ya ce?" Na gaya mata, na rage wa maganar gishiri. Ta gyara riƙon sandarta ta ce, "To mu koma. Baƙo raɓa ne, ba ya ja da mai gida." Muka juya. Wallahi tafiyar nan ta komawa ta fi mini nisa fiye da daga Alƙahira zuwa Sukhna.

A ɗaki ta yi azahar a kan kujera kamar kullum. Da ta idar sai ta zauna tana murza gwiwar, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ai ko a bahon wankan nan ma sai in riƙa motsa ta." A nan ne haƙurina ya ƙare. Matar da ta tsallako ƙasashe, aka yanka mata ƙafa, ta sha wahalar da ta sha don ta samu ta yi sujada, ita ce za ta zauna a baho tana wutsil-wutsil, ga teku guda a bayan taga? Na ɗauki mayafina na fita.

Manajan mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da aka koya a makaranta. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Ma'alish, ya anisa," wato yi haƙuri, 'yammata, "doka ce." Wai baƙin Turai ba sa jin daɗin ganin mutane da tufafi a ruwa. In mahaifiyata ba za ta iya duwatsu ba, to ta bari sai bayan magariba, in kowa ya watse, shi zai kau da kai. Wato uwata ta shiga ruwan Allah a ɓoye kamar mai sata.

Shekara uku ina zaune gaban malaman da ba sa karɓar hukunci sai da dalili, ashe ranar amfaninsa ke nan. Na ce ya nuna mini dokar a rubuce. Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur. Na karanta ta daga sama har ƙasa, sau biyu. Maganar kwamin ninƙaya na cikin otal take yi, wai zaren tufafi yana toshe injin tace ruwa. Babu inda aka ambaci teku.

Na ce, "Tekun ma yana da injin tacewa ne?"

Ya yi murmushi, ya ce zai sa a kai mana kwandon kayan marmari ɗaki, kyauta daga otal. Na ce masa mahaifiyata ba ayaba ta zo ci ba. Na miƙe na ce, "Bayan la'asar za mu shiga ruwa, a nan gaba inda kowa yake shiga. In fitar da mu za a yi, kada ka turo kowa, ka zo da kanka ka fitar da tsohuwa a gaban baƙinka." Na bar masa shayinsa ko kurɓa ban yi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka jaruma ce ni. Ɗaliba ce ni, baƙar fata, a ƙasar mutane, takardar zamana a hannun hukuma take, kuma a shekarun nan ƙaramar magana kan zama babba. Ina fita na tsaya a bayan wata bishiyar dabino na karanta duk abin da ya zo bakina. Da na koma ɗaki na ce wa Inna an daidaita. Allah ya yafe mini wannan.

Bayan la'asar na sungumi wata farar kujerar roba, na shiga da ita ruwa har ya kawo mini gwiwa, na kafa ta. Na dawo na kamo Inna, taku ɗaya bayan ɗaya, na zaunar da ita. Ruwan ya rufe mata cinya, zanen ya taso yana lilo. Ta lumshe ido. Ko minti biyu ba a yi ba usur ya tashi. Mai jar riga ya faɗo ruwa yana faɗa, ya kama bayan kujerar. Manaja kuma ga shi tsaye a gaɓa da kwat da takalmi sau ciki, yana yi mini alama da hannu in fito mu yi magana. Duk mutanen bakin ruwan suka zuba mana ido.

Inna ta buɗe ido, ta dubi hannun da ke kan kujerarta, ta dubi manaja, sannan ta dube ni. Ta gane babu abin da aka daidaita. Na sadda kai ina jiran ta ce mu tashi, kuma na san in ta faɗa, tashi zan yi.

Sai ta ce, a natse, "Ke, tambayi bawan Allahn nan, shi ya haƙa tafkin?"

Na juya na faɗa da Larabci, da iyakar muryata. Wata tsohuwa Bamisiriya da ke ƙarƙashin lema ta fashe da dariya har da tafi, ta ce, "Wallahi ta yi gaskiya!" Ta cire silifas ɗinta, ta tattaro abayarta, ta nufo ruwa. 'Ya'yanta mata biyu suka biyo ta. Kafin ka ce kwabo, mata sun kai goma a cikin ruwa da tufafinsu, ana shewa. Turawan da ake fakewa da su kuwa, wani tsoho ya ɗaga kai daga littafinsa, ya duba, ya ci gaba da karatu. Mai jar riga ya saki kujera ya tsaya da usur a baki, bai san wa zai hura wa ba.

Ina cikin kallon wannan sai na ji an danƙa mini sanda a hannu. Inna ce. Ta zame daga kan kujerar, ta kwanta a kan ruwa, ta tafi. Na ƙwalla ƙara don na zaci faɗuwa ta yi. Ashe ninƙaya take, irin ta mutanen gulbi, kai a sama, hannu yana yankan ruwa ba ko fantsama. Matar da ba ta iya hawa matakala uku sai an riƙe ta, ga ta can ta kai igiyar da aka yi iyaka da ita, ta juyo, fuskarta da wata dariya da ban taɓa gani ba tun da nake.

Daga can ta ɗaga murya ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban duk jama'ar nan. Ta ce, "Taho nan! Kin iya faɗa, ba ki iya ruwa ba." Na tsaya da sanda a hannu ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ruwa iya gwiwa, na kasa gaba na kasa baya.

Da muka koma ɗaki muka tarar da kwandon kayan marmarin, Inna ta ba matar da ke yi mana shara. Washegari da safe kuwa muka iske kujerar roba an riga an kafa ta a ruwa, mai jar riga yana gefe yana kallon wani wuri daban. Kwana huɗun nan ba wanda ya sake hura mana usur. Kafin Inna ta bar Masar, a ɗakinmu na Faisal, na ga ta ture kujera gefe ta sa goshinta a ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ba ta sake kiran sunana ba har yau, ni ma ban nema ba, sau ɗayan nan ya ishe ni. Abin da na koya shi ne, zoɓo mai sanyi da "ya hajja" ba su ne karrama baƙo ba, in har za a ce sai ya tuɓe mutuncinsa kafin a ba shi abin da ya zo nema. Haƙuri kuma yana da muhallinsa, amma ba kowace "an hana" ce doka ba. Tun daga ranar, duk wanda ya tare mini hanya da ita, nakan tsaya in tambaye shi a natse, yadda Inna ta yi, ko shi ya haƙa tafkin.